Adis Ababa: Birnin Da Muke Ratsawa Ba Mu Shiga

Mutanenmu da yawa sun san filin jirgin sama na Bole. Daga Kano, Abuja ko Yamai a kan sauka a can a sauya jirgi, wani ya nufi Umara, wani ya nufi Dubai ko Sin saro kaya. Sai dai kaɗan ne ke fita daga filin su ga garin, alhali Adis Ababa, babban birnin Habasha, gari ne da ya isa a tafi dominsa.

Abin da zai fara yi wa baƙo sallama shi ne tsayin wurin. Birnin yana kan tudu mai kimanin mita 2,355 daga doron teku, Dutsen Entoto da ke arewacinsa kuwa ya haura mita 3,000. Iskar can ba ta da kauri, don haka mutum mai cikakkiyar lafiya zai hau matakala kaɗan ya ji yana haki. Kada hankali ya tashi. A yi tafiya sannu a ranar farko, a yawaita shan ruwa, mai ciwon zuciya kuwa ya ga likita kafin ya taso. Da dare sanyi ne sosai, kuma daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wannan tudun ne ya sa aka kafa garin inda yake: Sarki Menelik na Biyu ya fara zama a Entoto, sanyi da ƙarancin itace suka dame su, a 1886 matarsa Taytu ta zaɓi gangaren da ke da maɓuɓɓugar ruwan zafi. Itatuwan turare da suka rufe tsaunukan yau, daga Ostareliya aka kawo irinsu don magance matsalar makamashi.

Na biyu shi ne lokaci, kuma nan ne baƙi suka fi yin tuntuɓe. Habashawa suna fara ƙirgen awa daga fitowar rana, saboda haka ƙarfe bakwai na safe a agogonmu ƙarfe ɗaya ne a wurinsu. Idan direban tasi ya ce zai zo ɗaukarka ƙarfe biyu, tambaye shi: na Habasha ko na Turawa? Mai yiwuwa takwas na safe yake nufi. Shekararsu wata 13 ce, galibi tana kamawa ranar 11 ga Satumba, kuma tana bayan ta Miladiyya da shekara bakwai ko takwas. In ka ga rasidi da tsohuwar shekara, ba cuta aka yi maka ba.

Wuraren gani suna da yawa, amma ba duka ne suka cancanci wahalar cunkoson mota ba. Gidan tarihi na ƙasa yana ajiye da ƙasusuwan Lusi, wata tsohuwar halitta mai kama da ɗan Adam, waɗanda aka tono a yankin Afar a 1974, masana suka ƙiyasta shekarunsu da miliyan 3.2. A unguwar Piyasa an buɗe gidan tunawa da yaƙin Adwa a 2024, yaƙin da Habasha ta murƙushe sojojin Italiya a 1896. A garin nan ne aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ranar 25 ga Mayu, 1963, kuma hedikwatar Tarayyar Afirka tana nan har yau, ko da yake yawanci daga waje mai yawon buɗe ido ke hangen ta.

A ganina, wanda bai shiga Markato ba bai ga Adis Ababa ba. Kasuwa ce da ta samo asali lokacin mamayar Italiya, tsakanin 1936 da 1941, sa'ad da aka kori 'yan kasuwar gari daga tsakiyar birni. Kowace haja da layinta: barkono, fata, saƙi, tsofaffin ƙarafa. A gefenta Masallacin Anwar yake, maƙwabcin Cocin Ragu'el, ladan da limamin coci suna jin muryar juna. A tura waya da kuɗi can cikin riga, domin 'yan sane ba su san baƙo ba.

Wajen abinci, injera ce uwar tafiya, faffaɗar waina mai tsami da ake yi da tef, ƙwaya ƙanana kamar acca. Musulmi ya lura da mahauta: na Kirista kan sa alamar kuros, na Musulmi jinjirin wata. Laraba da Juma'a mabiya cocin Otodoks ba sa cin nama, sai ka samu faranti cike da wake, ganye da kabeji. In an gayyace ka shan gahawa, kada ka yi gaggawa. A gabanka za a soya ƙwayar a kan gawayi, a zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, a daka, a dafa a tukunyar ƙasa, ga lubban yana tashi, ga gugguru a gefe. Zagaye uku ake yi, tashi bayan na farko rashin ladabi ne.

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Oktoba zuwa Janairu, bayan ruwa ya ɗauke. Mai karatu, in hanya ta sake bi da kai Bole, nemi biza, ka ware kwana biyu, ka kuma riƙe rigar sanyi.