Liyari: kuɗin azurfa mai shekara ɗaya tak

Shirin namu na yau zai faro ne daga gindin adakar tsofaffi. A garuruwa irin su Kurya Madaro, Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, wanda ya tona kayan kakarsa yana iya cin karo da wani faffaɗan kuɗin azurfa, gefe ɗaya hoton wata mata mai jiki, ta yafa mayafi, ɗaya gefen kuma gaggafa mai kai biyu. Hausawa na ce masa liyari. A jikinsa an buga shekara: 1780.

To, a riƙe wannan lamba, 1780, domin a nan zancen yake.

Matar ita ce Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya, wadda ta hau mulki a 1740. Ta rasu a 1780, amma 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Afirka sun riga sun aminta da kuɗinta, ba sa son wani. Sai aka ci gaba da bugawa da hotonta, da kuma shekarar rasuwarta, ba a canja ba har yau. Samfurin da ake kwaikwaya ya fito ne daga maƙerar kuɗi ta Günzburg, garin da yanzu ke cikin Jamus. Nauyinsa giram 28, sama da giram 23 daga ciki zallar azurfa ne.

Yaya aka yi ya iso ƙasar Hausa? Ta Sahara, cikin kayan fataken Tarabulus. Kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar mana lissafi. A farkon 1851, yana Tasawa, ya tarar ana ƙidayar wuri 500,000. Rabin miliyan, jama'a! Mutane ne suka zauna dirshan, ana ja biyar-biyar da yatsu, ana tarawa. Da ya shiga Kano ya ga ana canjin kuɗin azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ku buga lissafin: wancan tulin wuri duka liyari 200 ne kacal, abin da bai kai kilo shida ba, mutum ɗaya ya ɗaure a jaka ya hau doki. Shi ya sa attajiri mai tafiya nesa ke neman liyari ido rufe, talaka kuwa ya ci kasuwarsa da wuri.

Barth ɗin nan ya ratsa yankinmu a 1853, daga Katsina zuwa Wurno. Ya bi ta Zurmi, ya bi ta Badarawa, inda ya ga kasuwa cike da auduga.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai sule da kobo da anini suka shigo, jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, liyari ya bar kasuwa. Wani ya faɗa hannun maƙeran fari ya koma munduwa da zobe, wani aka huda shi ya zama adon kitson matan Fulani.

Yanzu ga inda masu tara tsofaffin kuɗi ke shan mamaki. Mutum ya ga 1780, ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Ina! An buga ɗaruruwan miliyoyi, a Biyana, a Roma, a Landan, a Faris, har a Bombai ta Indiya, duk da wannan shekara. Galibinsu darajarsu ba ta wuce ta azurfar jikinsu da nisa ba. Masana kan duba ƙananan alamu, kamar harufan S.F. a ƙarƙashin hoton da rubutun da ke kewaye da bakin kuɗin, kafin su ce wannan bugun farko ne ko na baya.



Duk wanda ke da irin waɗannan kuɗi a gida, kada ya goge su da toka ko yashi, gogewa na karya farashinsu a wurin masu saye. A sa a ma'auni tukuna, a tambayi wanda ya sani, kafin a miƙa wa maƙeri.