Daga gurbin dara zuwa fuskar waya: Me ya bambanta wasannin dabarun yaƙi, kuma ina matasan Anka, Gummi da Bukkuyum suka tsaya?

A shekarar 2024, wani matashi ɗan ƙasar Faransa da aka fi sani da Clem ya lashe gasar wasan StarCraft II a birnin Riyadh na Saudiyya, gasar da aka ware wa dala miliyan ɗaya domin rabawa tsakanin waɗanda suka fafata.

Shekara biyu kafin nan, wani matashin daga Masar, Mohamed Light, ya zama zakaran duniya a wasan Clash Royale, wanda a waya ake buga shi.

Duka biyun suna cikin rukunin da ake kira RTS a taƙaice, wato wasannin dabarun yaƙi na nan-take. A garuruwan yammacin Zamfara irin su Anka da Gummi da Bukkuyum, an fi ganin matasa a wuraren cajin waya da gidajen kallo suna buga wasan ƙwallo ko na harbi. Amma tunanin da wasannin dabaru ke nema ba baƙo ba ne a yankin, domin ƙasar 'yan dara ce.

Mene ne wasan dabaru na nan-take?

A dara ko ludo, kai ka yi, abokin karawarka ya yi. Kowa yana jiran nasa lokacin. A wasan nan-take babu wannan jiran. Ku biyu kuna motsi a lokaci guda, kuma duk daƙiƙar da ka ɓata ta tafi ke nan.

Ana fara wa mutum da ɗan ƙaramin sansani da 'yan ma'aikata kaɗan. Aikinsa shi ne ya tara dukiya, ya yi gine-gine, ya haɗa runduna, sannan ya rushe sansanin abokin gaba. Mafi yawan filin a lulluɓe yake da hazo, ba ka ganin abin da ɗayan ke shiryawa sai ka tura ɗan leƙen asiri.

A nan ne lissafi yake. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a kan mayaƙa tun da wuri zai iya gama wasa cikin 'yan mintuna, amma idan harin ya ci tura ya zauna babu komai. Wanda kuma ya tsaya tara dukiya kawai, za a iya cin sa da yaƙi kafin ya shirya.

Wasan Dune II na shekarar 1992 ne ake yawan dangantawa da kafa wannan tsari, kafin Age of Empires ya fito a 1997, StarCraft kuma a 1998.

StarCraft: fagen masu saurin hannu

Kamfanin Blizzard na Amurka ne ya yi StarCraft, amma a Koriya ta Kudu ya yi gida. A can ne shagunan kwamfuta suka cika da matasa, har aka samu tashoshin talabijin da ke nuna gasar kai-tsaye, kamfanoni kuma suna ɗaukar 'yan wasa da albashi.

Ɓangarori uku ne a cikinsa: Terran da Zerg da Protoss. Kamar yadda dambe ke da Arewa da Kudu da Guramada, haka ƙwararren ɗan wasa ke riƙe ɓangare ɗaya, a san shi da shi shekara da shekaru.

Dukiyar da ake tarawa iri biyu ce kawai, ma'adini da iskar gas. Filayen da ake fafatawa a kansu sanannu ne, kowa ya haddace su. Saboda haka abin da ke raba gwani da gwani shi ne sauri da rashin kuskure. Manyan 'yan wasa kan ba da umarni sama da 300 a cikin minti ɗaya, hannu ɗaya a kan madannai, ɗaya a kan linzamin kwamfuta.

'Yan Koriya sun daɗe suna riƙe da kambun. Sai a 2018 Serral na ƙasar Finland ya zama mutum na farko daga wajen Koriya da ya lashe babbar gasar ƙarshen shekara ta StarCraft II.

Age of Empires: fagen masu haƙuri

Age of Empires a kan tarihi aka gina shi. A kashi na biyu, wanda ya fito a 1999 kuma har yau ake gasarsa, mutum yana lura da abubuwa huɗu: abinci da itace da zinare da dutse. Yana kuma hawa daga wani zamani zuwa wani har matakai huɗu, kowane mataki da makamansa.

Babban bambancinsa da StarCraft shi ne fili yana sauyawa. Yau zinarenka na iya faɗowa a bayan gida inda yake da kariya, gobe ya faɗo a gaba inda abokin gaba zai iya tare shi. Haddace hanya ɗaya ba ya wadatarwa, dole mutum ya duba abin da ya samu ya sake shiri. Wasan kuma ya fi tsawo, yakan kai rabin awa ko fiye.

Akwai abin da zai ja hankalin mai karatu a nan. A 2015 an ƙara daulolin Afirka a wasan, ciki har da Mali da Habasha. A 2022 kuma aka saka Mali a Age of Empires IV, inda ƙarfinta ya dogara da haƙar zinare da kiwon shanu. Mutumin Anka ko Bukkuyum ba ya buƙatar a yi masa bayanin waɗannan biyun, ya kuma san abin da wasan bai nuna ba, tun daga gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010 har zuwa matsalar tsaro.

Clash Royale: wanda ke shiga aljihu

Waɗancan biyun sun fi dacewa da kwamfuta da wuta tsayayya. Clash Royale, wanda kamfanin Supercell na Finland ya fitar a 2016, shi ne ya matse tsarin ya shiga waya.

Kowa yana zuwa da kati takwas, kowane kati yana wakiltar mayaƙi ko gini ko wani makami. Akwai ma'aunin ƙarfi da ke cika a hankali, ba ya wuce goma, kuma kowane kati da farashinsa. Kogi ne ya raba filin, da gada biyu, kowa yana kare hasumiya uku. Cikin minti uku an gama, sai dai idan an yi kunnen doki a ƙara lokaci.

Babu gina gari a cikinsa, shi ya sa wasu masu tsattsauran ra'ayi ba sa lissafa shi a sahun na asali. Amma ginshiƙin yana nan: kashe kaɗan, ka sa abokin karawa ya kashe da yawa, sannan ka kai hari lokacin da hannunsa ya bushe.

Idan gwani ya bar fagensa

Tambayar da masu kallo suka fi so ita ce: idan zakaran wannan wasa ya shiga wancan, me zai faru? Daidai take da musun da ake yi a majalisa kan ko ɗan dambe zai iya kayar da ɗan kokawa.

An samu amsa lokacin da Age of Empires IV ya fito a watan Oktoban 2021. Sabon wasa ne ga kowa, don haka 'yan StarCraft II da 'yan Age of Empires II suka haɗu a fili ɗaya. A gasar Red Bull Wololo da aka yi a Heidelberg ta ƙasar Jamus a 2022, MarineLorD na Faransa, wanda daga StarCraft II ya fito, shi ne ya lashe ɓangaren sabon wasan.

Sai dai ba kullum ake samun haka ba. Grubby na ƙasar Holland da Moon na Koriya ta Kudu sun yi sarauta a Warcraft III. Da suka koma StarCraft II sun taka rawar gani, amma ba su kai matsayin da suka riƙe a gidansu na farko ba.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, akwai kayan da mutum ke ƙetarawa da su, akwai waɗanda yake bari a baya. Saurin hannu da iya raba hankali gida uku da karantar nufin abokin gaba suna bin mutum duk inda ya je. Sanin ƙananan sirrin wasa kuwa, irin su wane mayaƙi ke maganin wane da kuma minti nawa ake kai hari, sai an sake koyo daga tushe. Shi ya sa baƙo ya fi samun sa'a a sabon fili, inda babu wanda ya riga shi zama.

Karawar mutum da na'ura

Akwai wata karawar da ta koyar da darasi kan adalci. A watan Disamban 2018, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai suna AlphaStar, ta kamfanin DeepMind, ta doke ƙwararrun 'yan StarCraft II biyu, TLO da MaNa, kowannensu ci biyar ba ko ɗaya.

Daga baya aka yi ta muhawara. TLO ɗan Zerg ne amma da Protoss ya buga. Na'urar kuma tana ganin duk inda mayaƙanta suke a lokaci guda, alhali mutum sai ya riƙa matsar da kyamara. Da aka taƙaita mata gani a watan Janairun 2019, MaNa ya doke ta a wasan da aka nuna kai-tsaye.

Ke nan a duk karawar da ta haɗa fage biyu, wanda ya tsara doka ya riga ya yanke rabin hukunci.

Masu shirya gasar Riyadh sun bi wata hanyar. Maimakon a tilasta wa mutum ɗaya buga wasanni da yawa, ƙungiya ce ke tara maki daga wasanni daban-daban, kuma Team Falcons ta Saudiyya ce ta zo ta ɗaya a 2024. A 2025 aka shigar da wasan ces, darar Turawa, inda Magnus Carlsen na Norway ya yi nasara.

Ina dara ta shigo?

Idan darar Turawa ta samu kujera a irin wannan taro, ya dace a waiwayi tamu. Dara gurbi 30 ce, layi biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Ana fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a koma turawa. Duk wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Dakarkarin ƙasar Zuru, maƙwabtan Gummi da Bukkuyum ta ɓangaren Kebbi, sun yi suna da ita har a littattafan wasanni na ƙasashen waje.

Duk ɗan dara ya san tun wurin zubi ake cin wasa ko a faɗi, kamar yadda mintunan farko ke yanke hukunci a Age of Empires. Ya san tarko, ya san sadaukar da ɗa ɗaya don a ci biyu, ya kuma san ranar da dara ke cin gida. Abin da dara ba ta koyarwa shi ne gudun agogo, domin dattijo na iya shafe mintuna yana kallon gurbi kafin ya taɓa.

Abin da ke tare hanya

Matsalar matashin yankin ba ta ƙwaƙwalwa ba ce. Wasan nan-take ba ya jure yankewar sabis, jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa ya rushe wasan da aka kusa ci. Ga tsadar data, ga kuɗin caji, ga ƙarancin kwamfuta.

A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma Gusau aka fara buɗe wa kafin sauran ƙananan hukumomi. A irin wannan yanayi duk wasan da ya dogara da intanet ya tsaya cik, dara kuwa ƙasa da tsakuwa da kara kawai take nema.

Akwai kuma damuwar iyaye, wadda ba a banza take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa kamuwa da wasannin bidiyo har su hana mutum harkokinsa cuta ce. Wasu wasannin waya, ciki har da Clash Royale, kyauta ake sauke su amma suna kwaɗaita wa mutum sayen kaya a ciki. A manyan gasa ana daidaita ƙarfin katunan kowa, saboda haka kuɗi ba ya saya wa mutum kambu. Sannan da zarar an ɗora kuɗi a kan sakamako, an bar gasa an shiga caca.

Ga wanda ke son gwadawa, Clash Royale ne mafi sauƙin farawa da wayar da ke hannu. StarCraft II kyauta ne tun 2017 ga mai kwamfuta, Age of Empires II da IV kuma sai an saya.

Ƙungiyoyin matasa da makarantun sakandare a Anka da Gummi da Bukkuyum ba sa buƙatar jiran Riyadh. Za su iya haɗa gasa mai zagaye biyu a lokacin hutu, ɗaya a gurbin dara, ɗaya a waya, a tara maki, da sharaɗin babu caca kuma a tashi idan an kira salla. Dattijo zai koyi katin waya na rana ɗaya, matashi ya zauna gaban gurbi, sannan a ga wanda ya fi saurin kama wasan ɗan'uwansa.