Abin da takardar hoton hanta take nufi ga wanda ya daɗe yana shan giya

'Yan uwa, mu da muke fassara muna yawan ganin mutum ya dawo daga asibitin Guider ko babban asibitin Garoua da takardar hoton ciki a ninke cikin aljihu. An rubuta ta da Faransanci, shi kuma a Mubi ko Michika ya taso, bai san ko kalma ɗaya ba. Kunya ta hana shi tambaya, saboda ya san shekarun da ya yi yana shan bilbil ko arki. Mu ba likitoci ba ne, amma mun zauna tsakanin likita da marar lafiya sau da yawa, mun san kalmomin da suke maimaituwa.

Hoton da ake shafa wa ciki mai a ɗora na'ura, shi likitocin nan suke kira ekografi. Ana so a je ba a ci abinci ba kamar awa 6. A takardar, foie shi ne hanta.

In ka ga stéatose, ko foie hyperéchogène, kitse ne ya taru a hanta. Wannan shi ne matakin farko, kuma yawancin waɗanda suka daɗe suna sha sosai suna da shi. Sau da yawa ba ya ciwo. In aka bar giya ɗungum, kitsen yakan ragu cikin makonni ko 'yan watanni. Hépatomégalie kuma hanta ce ta ƙara girma, kamar ta wuce santimita 15 ko 16. Kitse yana sa haka, wasu cututtuka ma suna sa haka.

Kalmar da ta fi tsorata mutane ita ce cirrhose. Hanta ce ta yi ta jin rauni tana warkewa har tabo ya cika ta, ta yi tauri kamar fatar da ta bushe. Likita yakan rubuta contours irréguliers, wato gefenta ya yi gurji-gurji, wani lokaci ma ta ƙanƙance. In an ƙara da splénomégalie, saifa ce ta kumbura domin jini ba ya wucewa ta hanta da sauƙi. Ascite ruwa ne ya taru a ciki. Tabon da ya kai nan ba ya gogewa gaba ɗaya. Duk da haka, wanda ya daina sha a wannan mataki yakan yi shekaru yana harkokinsa, wanda ya ci gaba kuwa abin yakan yi masa sauri. Mai cirrhose ana so ya sake hoto duk wata 6, don a ga ƙari tun yana ƙarami.

Akwai kuskure guda biyu da muke gani. Na farko, mutum ya ga an rubuta normal sai ya ce ashe giya ba ta yi masa komai ba, ranar kasuwa ya koma rumfar bilbil. Hoton ba ya ganin tabo tun yana farawa. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin jini, ASAT da ALAT da GGT. Na biyu, a ɗora wa giya duk laifin. A wannan yanki ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, ana ɗaukarsa tun yarinta, kuma wanda bai taɓa kurɓar giya ba yana iya samun cirrhose ta dalilinsa. Tsargiya irin ta hanji, da ake ɗauka a ruwan tafki da kogi, ita ma tana sa tabo a hanta. Saboda haka ka roƙi gwajin AgHBs. In ya nuna akwai, a gwada uwargida da yara.

Batun dainawa, a yi hattara. Wanda yake sha kullum har hannunsa yana rawa da safe, kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki. A kwana 2 ko 3 na farko yana iya yin farfaɗiya ko ya ruɗe, kuma wannan yana kisa. A faɗa wa ma'aikacin lafiya tukuna, akwai maganin da ake bayarwa. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa wai na wankin hanta, ra'ayinmu a bar su, wasu ƙara wa hantar aiki suke yi. Ko farasitamol, a tambayi likita ƙwaya nawa ya dace.

Aman jini, baƙin kashi kamar kwalta, ido ya yi rawaya irin na shawara, ciki ya kumbura, ko mutum ya riƙa barci da rana yana magana ba kai: kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti.

Takardarka sirrinka ce. Mai fassara ba shi da izinin faɗa wa maƙwabci, ko limami, ko fasto, ko ma iyalinka, sai da yardarka. In kana so mace ce ta fassara ko namiji, ka faɗa. Ka zo da takardar da duk sakamakon jini, har tsofaffin, domin likita yana gwada na bara da na bana.