Ruwan da ke Cin Agadas daga Duwatsu Yake Gangarowa

Ruwan da ake samu a Agadas a shekara kaɗan ne, kuma yawancinsa a Yuli da Agusta yake sauka. Duk da haka, a farkon Satumban 2009 ƙoramar Telwa ta fasa shingenta, ta rusa dubban gidajen laka. Asalin matsalar yana duwatsun Abzin. Can hadari ke juye ruwa mai yawa cikin sa'a ɗaya ko biyu, dutse kuwa ba ya shan ruwa. Sai ya tattaru a kwaruruka, ya biyo Telwa ta garin Dabaga, jajawur da laka, yana tafe da itatuwa da shingayen lambu, ya iske mutanen da ko yayyafi ba su gani ba.

Shi ya sa nake ganin gargaɗin 'yan sa'o'i ya fi hasashen damina amfani a irin wannan wuri. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana fitar da hasashe kafin damina, kuma manomi na ƙaruwa da shi. Amma sanin cewa daminar bana za ta yi albarka ba ya gaya wa mai gida a bakin ƙorama ya kwashe iyalinsa yau da daddare. Barazanar ambaliya ma ƙaruwa take yi: binciken da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura mafi tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma masu binciken sun danganta hakan da ƙarin zafin Sahara.

Za a ce masu hasashe sun sha cewa za a yi ruwa, gari ya waye ƙasa a bushe, har mutane suka daina saurare. Ƙorafin na da tushe, domin hadarin hamada kan cika wannan kwari ya tsallake na kusa, ma'aunan ruwa kuma ba su da yawa a arewa. Sai dai gargaɗin ambaliya bai dogara ga hasashe kaɗai ba. Tauraron Meteosat na aiko da hoton gajimare kowane 'yan mintuna, ana ganin hadari na haɗuwa yana nufar yamma. Ruwan da ya riga ya shiga ƙorama kuwa ido na ganinsa. Mai lambu a Dabaga da waya a hannu, da jami'in da ke jiran kiransa ko da tsakar dare, da gidan rediyo mai sanarwa da Hausa da Tamashek, za su iya tashin unguwannin bakin Telwa kafin ruwa ya iso. Kuɗin wannan tsari bai kai na sake gina unguwa ɗaya ba.