Injin walda ko na yankan filasma: Abin da ɗan cirani zai duba kafin ya tura kuɗi gida

Duk wanda ya san ƙasar Kurfai ya san cewa da zarar an gama girbi, samari kan kama hanyar cirani. Wasu su tsaya Yamai, wasu su wuce Kwatano, Lome, Akara, Abijan ko Legas, wasu kuma su nufi Libiya da Aljeriya. Burin da yawansu shi ne su tara ɗan jari su kafa wa kansu ko ƙannensu sana'ar da za ta zaunar da su gida, kuma walda na cikin sana'o'in da aka fi sa wa ido.

Dalili a fili yake. A garuruwa irin su Tabla, Baleyara da Filinge, aikin ƙarfe ba ya yankewa: ƙofofi da tagogi, gadaje, kujerun makaranta, rumfunan kasuwa, amalanken jaki da na shanu, garma da sauran kayan noma, ga kuma gyaran injin niƙa. Kasuwar dabbobi ta Baleyara da ke ci ranar Lahadi kaɗai ta isa ta nuna wa mutum yawan amalanken da ke bukatar mai walda.

Sai dai a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Mutum ya ga bidiyo a TikTok ko Facebook ana yanka ƙarfe da injin filasma kamar ana yanka sabulu, ya ɗauki gumin shekara guda ya saya, a kai gida, a jona, wuta ta kasa ɗauka. Daga nan injin ya koma ƙarƙashin gado, zumunci kuma ya fara tsami. Mafita ita ce a fara da tambayar da ba a cika yi a shago ba: wace wuta ce za ta ja injin?

Wutar ce ke zaɓar inji

Lantarkin Nijar bolt 220 ne, kuma kamfanin NIGELEC ya daɗe yana dogaro da wutar da ake sayowa daga Najeriya. An ga illar hakan a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a kuma maido da shi ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai raɗaɗi, madatsar ruwan Kandadji da ke jihar Tillaberi kuwa har yanzu ana jiran ta. Saboda haka duk mai shirin buɗe shagon walda a karkara ya sa janareto, wanda a Nijar ake ce wa gurup, a cikin lissafinsa tun farko.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Sandar walda mai kaurin milimita 3.2 tana ci da amfiya 90 zuwa 130. A amfiya 120, wutar da ke bakin sandar ta kai kimanin kilowat 3, abin da injin ke ja daga layi kuma ya fi haka. Shi ya sa ƙaramin janareton da ake kunna talabijin da fanka ba zai iya ba. Ana bukatar wanda ya kai kVA 5 zuwa 6, mai na'urar daidaita ƙarfin wuta, domin hawa da saukar wuta na cikin manyan abubuwan da ke ƙona injin zamani. In kuma layin gida za a yi amfani da shi, a fara duba ƙarfin mita da kaurin wayar. Siririyar waya mai tsawo tana shanye wutar kafin ta isa inji, tana kuma iya haddasa gobara.

Ga 'yan uwa da ke Amurka ko Kanada akwai ƙarin gargaɗi. Yawancin ƙananan injinan can na bolt 110 zuwa 120 ne. In ba a rubuta cewa injin yana karɓar bolt 220 ba, kada a ɓata kuɗin jirgi a kansa.

Tiransifoma ko inbata?

Injin walda mai araha iri biyu ne a kasuwa. Na farko shi ne tsohon yayi, mai tiransifoma, wanda har masu sana'a a Kano da kasuwar Katako ta Yamai suke naɗawa da hannu. Yana da nauyi, yana cin wuta sosai, amma yana jure ƙura da zafi, kuma in ya ƙone kowane mai naɗin waya zai iya farfaɗo da shi. Abin lura a nan shi ne wayar da aka naɗa: ta jan ƙarfe ta fi ta alminiyom ƙarko, ko da yake ta fi tsada. Haka kuma a tabbata an rufe wayoyinsa, don na haɗin gida da yawa a buɗe suke, gidan kuma akwai yara.

Na biyu shi ne inbata, ɗan ƙaramin da ake ratayawa a kafaɗa. Bai cika wuce kilo 4 zuwa 6 ba, yana tsimin wuta, walda da shi ta fi sauƙi ga ɗan koyo, kuma ana iya ɗaukarsa zuwa gona ko bakin rijiya. Irinsa ne kamfanoni kamar Ingco da Total suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma da shi. Rauninsa shi ne allon lantarkin da ke cikinsa. Ƙurar hunturu haɗe da garin ƙarfe na shiga ta fanka su kwanta a kan allon, ran da ya ƙone kuma sai an nemi mai gyara a birni.

Ga wanda zai dogara da janareto, inbata ya fi dacewa. Wanda ke da layi mai ƙarfi kuma aikinsa a waje ɗaya yake, tiransifoma ba zai ba shi kunya ba.

Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka

A kasuwa za ka ga ɗan inji an rubuta masa 400 ko 500 da manyan lambobi. Walda a amfiya 400 tana bukatar fiye da kilowat 14, alhali soket ɗin gida mai amfiya 16 bai wuce kilowat 3.5 ba. Ke nan lambar suna ce kawai. Abin dubawa shi ne ɗan allon bayanai da ke manne a bayan injin ko ƙarƙashinsa.

A can za ka ga harafin X da kaso a gefensa. Wannan shi ne adadin lokacin da injin zai yi aiki a cikin kowane minti 10 kafin ya nemi hutu. In an rubuta kashi 60 cikin 100 a amfiya 120, yana nufin minti 6 na aiki, minti 4 na hucewa. Ƙa'idar duniya ta ce a auna wannan a zafin digiri 40, wanda a Tillaberi ake zarce shi a watannin Afrilu da Mayu. Don haka inji mai amfiya 160 na gaskiya da kaso mai kyau ya fi mai 400 na ƙarya. Ya isa ya ci sandar E6013 mai milimita 2.5 da 3.2, wadda masu walda a Nijar ke kira baget, kuma da ita ake yin kusan duk aikin ƙofa, taga da amalanke.

Kafin a biya kuɗi, a roƙi mai shago a gwada. A ƙona sanda uku ko huɗu a jere. In fitilar zafi ta kama tun a ta biyu, an ga amsa.

Injin filasma: sha'awa ko bukata?

Injin filasma yana amfani da wutar lantarki da iska mai matsi ne wajen narkar da ƙarfe ya hure shi, sai yankan ya fita tsaf. Ƙananansa da ake kira CUT-40 da CUT-50 suna yanka falle mai kaurin kusan milimita 10 zuwa 12. Amfaninsa na fitowa ne wajen zanen ado a jikin ƙofar gida, haruffan allon shago, da duk yankan da ke da lanƙwasa.

Amma ba ya aiki shi kaɗai. Dole a haɗa shi da kwamfireso mai ba da iska bar 4 zuwa 5 ba yankewa, da matatar da ke cire ruwa daga iskar, musamman da damina. Shi kansa injin a amfiya 40 yana fitar da kusan kilowat 4, ga kwamfireso da ke fizgar wuta duk lokacin da zai tashi. In aka haɗa su, janareton da ya ishi walda ba zai ishe su ba.

Sai kuma bakin tocin, wanda ke cinyewa kamar yadda sandar walda ke ƙarewa. Kafin a saya, a tambayi sunan tocin, misali PT-31 da ya fi yawa a masu araha, a kuma tabbata ana samun bakinsa a Yamai. Tun da iyakar Nijar da Benin ta shiga matsala a 2023, kaya da yawa sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, don haka jiran ɗan ƙaramin abu na iya tsayar da shago makonni.

Galibin aikin da ake kawo wa mai walda a karkara yankan bututu ne, da rodi, da ƙarfe mai kusurwa. Giranda mai faifan yanka tana gama wannan da kuɗi kaɗan, faifanta kuma ba ya wuyar samu. Hikima ita ce a fara da injin walda da giranda, a bar filasma sai ranar da masu neman ƙofar ado suka yi yawa har aikin ya biya kuɗinsa. Haka nan a yi hattara da injin da ya haɗa walda da yanka a jiki ɗaya: ran da ya lalace, sana'ar gaba ɗaya ce ta tsaya.

Ido ba shi da gyara

Wani wurin da ake ƙwauron kuɗi shi ne kayan kariya. Gilashin rana na kasuwa ba ya tare hasken walda. Ana bukatar garkuwar fuska mai baƙin gilashi lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe. Ciwon idon da ke tayar da masu walda cikin dare kamar an zuba yashi, ƙuna ce ta hasken, kuma maimaituwarta na lahanta gani. Hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki, irin na kwanon rufi da bututun ruwa, yana sa zazzaɓi, don haka a yi aikinsa a sarari. Mafi haɗari shi ne yanka ko liƙa duro ko tankin da aka taɓa zuba fetur, domin tururin da ya rage a ciki kan fashe ko da an ga kamar babu komai. Tartsatsi kuma ba ya shiri da danni, rumbu ko tarin kara.

Hannu kafin inji

Daga ƙarshe, inji ba ya koyar da sana'a. Yaron da bai taɓa riƙe sanda ba gara a fara kai shi wajen ubangida na wasu watanni, ko cibiyar koyon sana'a, a kuma bincika shirye-shiryen asusun FAFPA da ke tallafa wa horon matasa a Nijar. Shi ne zai dawo ya faɗi irin injin da ya dace da hannunsa.

Ga ɗan ciranin da ke riƙe da kuɗinsa a yanzu, tsarin shi ne: a san wutar da ke gidan, a sayi injin walda mai amfiya na gaskiya, giranda, garkuwar fuska da waya mai kauri, a ware wani kaso na sayen ƙarfe, sanduna da man janareto na watannin farko. Shagon da ya buɗe da waɗannan zai iya karɓar ƙofar farko tun a makon da kayan suka sauka, kuma daga ribarta ake fara tara kuɗin filasma.