Harafin "Ƙ" da Alamar Naira: Gwajin Farko Kafin Zaɓen Laburaren PDF

Aikin da ya fi zuwa wa matashin da ya iya rubuta manhaja a Ikara, Maƙarfi ko Kudan ba ya wuce takarda. Mai makarantar kuɗi yana son katin sakamakon ɗalibai, dillalin tumatir a Hunkuyi yana son rasit da zai tura ta WhatsApp, shagon kwamfuta kusa da makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris yana son mayar da Word zuwa PDF ba tare da layuka sun watse ba. Babu mai rubuta wannan daga tushe. Laburare ake ɗaukowa, wato manhajar da wasu suka riga suka rubuta domin a ɗora aiki a kanta.

Yawanci matasa kan ɗauki wadda suka fara gani a YouTube. Sai an gama aiki, an buga takarda, sannan a tarar "Ƙaramar Hukuma" ta fara da baƙin akwati, sunan yaro Ɗahiru ya rasa kansa, kuɗin makaranta kuma babu alamar ₦ a gabansa.

Laifin ba na firinta ba ne. Tsarin PDF, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, ya zo da zubin haruffa guda 14 da ake sa ran samu a ko'ina, irin su Helvetica da Times da Courier. An tanade su ne domin harsunan Yammacin Turai, don haka babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu alamar naira. Laburare da yawa kuma da su suke fara aiki idan ba a ce musu komai ba. ReportLab ta yaren Python tana zana akwati a gurbin harafin ta wuce abinta. jsPDF, wadda ke aiki a cikin burauza, takan hargitsa rubutun. Ita kuwa fpdf2 tsayawa take cak ta ce ba ta san harafin ba, kuma wannan ya fi alheri, domin gara manhaja ta yi ƙorafi a ɗaki da a ji kunya a gaban iyayen yara.

Wasu kan kauce ta hanyar cire lanƙwasar gaba ɗaya. To amma "baki" da "baƙi" ba ɗaya ba ne, haka "kafa" da "ƙafa".

Maganin ba shi da tsada. Duk ukun suna karɓar zubin haruffa na waje, kuma DejaVu Sans da Noto Sans na Google kyauta ne, suna ɗauke da haruffan Hausa har da ₦. Layi biyu ko uku ne a cikin manhajar. ReportLab da fpdf2 ma haruffan da aka yi amfani da su kaɗai suke cusawa a takardar, saboda haka rasit ɗin ba zai cinye datar mai karɓa ba. Haka abin yake a Pillow, wadda ake haɗa hotuna da katin gayyata da ita.

Ajami ya fi wuya, kuma makarantun Islamiyya da na allo suna da yawa a wannan yanki. Harafin Larabci yana sauya siffa gwargwadon inda ya faɗo a kalma, rubutun kuma daga dama yake tafiya. Laburaren da ba ta san haka ba za ta jera haruffan a rarrabe, a juye. WeasyPrint, wadda ke mayar da shafin HTML zuwa PDF, tana iya wannan. Pillow sai an haɗa ta da Raqm, fpdf2 kuma da HarfBuzz. Ƙungiyar SIL ma ta fitar da Alkalami, zubin haruffan da aka tsara bisa salon rubutun Kano.

Sai nauyi. Puppeteer tana fitar da takarda mai kyau ƙwarai, amma sai ta sauke burauza sukutum, sama da megabait 100, kuma ƙaramar kwamfutar da ke jiran a kawo wuta za ta ji jiki. Mayar da Word zuwa PDF kuwa, LibreOffice ce ta fi riƙe tsarin shafi a cikin na kyauta, duk da ita ma ba ƙarama ba ce.

Akwai biyu da ya kamata a yi hattara da su. An daina kula da wkhtmltopdf, an rufe ma'ajiyarta a 2023, ko da yake tsofaffin darussa suna ta tallata ta. iText da PyMuPDF kuma suna ƙarƙashin lasisin AGPL ne: wanda ya sa su a manhajar da zai sayar wa makaranta, ko dai ya buɗe rubutun manhajar tasa ga masu amfani da ita, ko ya sayi lasisin kasuwanci.

Gwajin kansa bai kai minti goma ba. A rubuta "Ɓaidu ya biya Ɗanlami ₦5,000 a ƙofar kasuwa", a fitar da PDF, a buɗe shi a mafi arhar wayar Android da ke gidan, sannan a kai shago a buga a takarda.