Ranar Da Tankin Murjani Ya Tsage A Falo

Duk wanda aiki ke kai shi falukan manya a Maitama ko Asokoro ba zai rasa cin karo da akwatin kifin ado yana ƙyalli a jikin bango ba. Galibinsu na ruwan daɗi ne. Amma akwai 'yan tsiraru da suka fi sauran tsada da wuyar sha'ani, wato tankunan ruwan gishiri, inda ake rainon murjani mai rai tare da kifayen teku. Bahaushe ya san murjani ne a wuyan amarya. Danginsa da ke cikin waɗannan tankuna kuwa ƙananan dabbobi ne masu ci da numfashi, waɗanda ke mutuwa da zarar ruwa ya ɓaci.

Da yawa daga cikin manyan tankunan da akirilik ake yin su, wata roba mai garai-garai kamar gilashi, wadda aka fara sayarwa a Jamus da sunan Plexiglas a 1933. Nauyinta bai kai rabin na gilashi ba, kuma ta fi shi jure bugu. Sai dai ita ma tana tsagewa, kuma sau da yawa a ranar mai tankin yana wani gari wajen taro. Wayar hadiminsa ce za ta yi ƙara, ko ta ƙanin da aka bar wa gida.

Wanda ke ganin abin wasa ne ya tuna da birnin Balin. Da asubahin Juma'a, 16 ga Disamba 2022, katafaren tankin akirilik mai suna AquaDom da ke tsakiyar wani otal ya fashe, ruwa kimanin lita miliyan ɗaya ya kwararo har kan titi, kifaye wajen 1,500 suka tafi da shi, mutum biyu suka ji rauni. Na falo bai kama ƙafar wancan ba, amma lissafin ɗaya ne. Lita guda ta ruwan teku ta ɗara kilo ɗaya kaɗan, don haka tanki mai lita 400, idan aka haɗa da duwatsu da yashi, yakan kai rabin tan. A bene na biyu na gidan haya, wannan magana ce ta silin ɗin maƙwabcin da ke ƙasa, da kujerunsa, da zumuncin da ke tsakani.

Kafin a taɓa ruwa, wuta ake fara kashewa. Ruwan gishiri ya fi ruwan famfo ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba, kuma a ƙarƙashin irin wannan tanki ne ake jibge soket-soket na famfuna da fitilu da na'urar sanyaya ruwa. A je babban makunnin gidan da busassun ƙafafu a kashe daga can. A nan Abuja akwai ƙarin tarko: idan an ɗauke wuta a lokacin, kada a saki jiki, domin inbata ko janareta na iya dawo da ita mutum yana tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa.

Daga nan sai rage ruwa, kuma a nan ne ɗan ilimin kimiyyar sakandare ke biyan kuɗin makaranta. Ƙarfin da ruwa ke tura bango da shi yana ƙaruwa ne da zurfi ninki a kan ninki. Idan aka rage tsayin ruwan zuwa rabi, abin da ke danna bangon zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka mesa da durom sun fi kowane gam amfani a rabin sa'ar farko. A zuƙe ruwan har ya sauka ƙasa da tsagar idan zai yiwu, a sa alama da alƙalami a ƙarshenta biyu don a gane ko tana tafiya. Kada kuma a yarda wasu majiya ƙarfi su ce za su ɗaga tankin da ruwa a ciki. Murɗawar da zai yi a hannunsu ita ce za ta ƙarasa shi.

Ruwan da aka zuƙe ba na zubarwa ba ne. Shi dabbobin suka saba da shi, kuma Abuja ba ta da teku. Haɗa sabo yana buƙatar tataccen ruwa da gishirin musamman, kimanin giram 35 a kowace lita, ba gishirin miya ba. A tara shi a mazubin da bai taɓa ganin sabulu, fetur ko maganin ƙwari ba. Kular sanyaya lemo mai tsabta ta fi baho, domin tana riƙe yanayin ruwa.

A fara kwashe murjani, sannan duwatsu, kifaye a ƙarshe, lokacin da ba su da wurin ɓuya. Duwatsun nan ba ado kawai ba ne. A jikinsu ne ƙwayoyin bakteriya da ke cinye gubar amoniya suke zaune, kuma idan suka bushe, an rasa matatar da ta ɗauki watanni tana ginuwa. Yashin ƙasa kuwa a bar shi sai an gama, domin tona shi na iya taso da datti da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A sa safar hannu da tabarau. Wasu nau'o'in murjani masu laushi, musamman dangin Palythoa, suna ɗauke da guba mai tsanani da ke shiga ta rauni ko ido, har ma ta numfashi. An sha kwantar da iyalai a asibiti a Amurka da Turai bayan an zuba wa irin duwatsun tafasasshen ruwa a cikin gida.

A masaukin wucin gadi, iska ta fi haske muhimmanci. Murjani zai jure 'yan kwanaki babu fitila, amma ruwan da ba ya motsi yana iya kashe kifi cikin sa'o'i. Ƙaramin famfon iska mai batir ya wadatar. A riƙe zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 26, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a watan Maris. A rufe mazubin don kifi na tsalle, a kuma dakatar da abinci kwana biyu ko uku, komai tausayin yaran gida.

Sai bayan hankali ya kwanta ake tambayar dalili. Ba kowane layi ne tsaga ba: ƙarzuwa a sama take, ana iya goge ta. Akwai kuma ƙananan zane-zane kamar saƙar gizo, alamar robar ta gaji ko wani sinadari ya taɓa ta. A nan laifin yakan koma kan kyakkyawar niyya: mai aikin gida ya ga ƙura, ya ɗauko ruwan goge gilashi mai amoniya, ko sifirit, ko man tsabtace hannu mai sinadarin alkohol, duk kuwa maƙiyan akirilik ne. Sauran dalilan su ne teburin da bai daidaita ba ko bai tallafi gindin tankin gaba ɗaya ba, fitila mai zafi dab da sandar da ke riƙe bakinsa, da matse bututu fiye da kima a inda aka huda.

Gyara yana yiwuwa, amma ba da silikon ba, wanda ke kama gilashi ya ƙi kama akirilik da kyau. Ana amfani da gam mai narkar da fuskar robar, irin su Weld-On, har ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya. Sai tankin ya bushe sarai, a yi 'yar huda a ƙarshen tsagar don a tare ta, sannan a liƙa faci na akirilik mai kaurin bangon, ta ciki, inda ruwa zai riƙa danna shi. Masu yin allunan talla sun san wannan roba, sai dai allo ba ya ɗaukar rabin tan, don haka a tambayi mai gyara ko ya taɓa yin tanki.

A ganina, gajeriyar tsaga a sama ta cancanci faci. Wadda ta sauka gindi, ko ta shiga mahaɗar bango biyu, ko mahaɗar da ta yi fari-fari tana buɗewa, wannan tankin ya gama aiki, kuma gara hadimi ya faɗa wa maigida haka ƙarara, da hotuna a waya. Idan an yi facin, a ba shi mako guda ya kama, a fitar da tankin waje kan daɓe mai daidai, a cika shi da ruwan famfo, a shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashinsa, a riƙa duba ta safe da yamma har kwana uku.